Yadda Baba Ya Taya Jami'a

Ban taɓa cewa kishin ƙasa ne ya sa nake son karatun tattalin arziki ba. Nisa nake so. Da an buɗe jami'a a bayan Agadas tana koyar da saƙar tabarma, da na cike fom ɗinta da gudu, muddin dai ba wanda zai iya aiko ni shago bayan la'asar.

Shagon Baba yana bakin titi a Dutse Alhaji, kan hanyar Bwari, tayil yake sayarwa. A shekarun nan Abuja ta haukace da gini. Wanda aka rushe wa gida a cikin gari ya dawo wajenmu ya kafa sabo, wanda ya samu kwangila ya kafa biyu, kuma kowa so yake ƙasan falonsa ya yi santsin da zai kayar da baƙo. Tun ina aji ɗaya na sakandare aikina ke nan: in dawo daga makaranta, in ci abinci a tsaye, in tafi ɗaga katan. Wanda bai taɓa ɗaga katan ɗin tayil ba bai san dalilin da ya sa tsofaffi suke nishi in za su zauna ba. Shekarata goma sha bakwai, amma bayana ya kai sittin, har ya fara neman a yi masa ritaya.

Da sakamakon jarabawa ya fito, gurbi biyu na samu. Na farko a wata sabuwar jami'ar kuɗi da aka gina a wani daji gefen Abuja, tafiyar minti arba'in daga ƙofar gidanmu. Takardarsu ta zo cikin ambulan mai kauri, haɗe da ɗan littafin talla mai ƙyalli. A bangonsa ɗalibai ne kala-kala suna dariya a ƙarƙashin wata bishiya da ban taɓa ganin irinta a Najeriya ba. Kos ɗin da suka ba ni shi ne Kasuwancin Ƙasa da Ƙasa. Na biyun kuwa tsohuwar jami'ar gwamnati ce can arewa, tafiyar awa bakwai in mota ba ta lalace ba. Tasu takardar falle ɗaya ce, tawadar ta kusa ƙarewa, an buga hatimi a karkace kamar mai bugawar yana gudun kada a gan shi. Su Ikonomis suka ba ni.

Na karanta wa Baba duka biyun a shago. Da na zo kan "ƙasa da ƙasa" sai na ga idonsa ya yi haske, domin a wajensa ƙasa da ƙasa na nufin Chaina, inda tayil yake fitowa.

"To ai shi ke nan," ya ce. "Da safe ka je ka yi karatu, da yamma ka zo nan ka gwada abin da aka koya maka. In ka gama, kai za ka riƙa zuwa sari, mu huta da 'yan tsakiya."

Shekara huɗu. Na dubi katan-katan ɗin da aka jera har rufi, su ma suka dube ni.

"Baba, ai an ce Ikonomis ɗin shi ne uwar kasuwanci."

"Wa ya ce?"

"Mutane."

"Mutanen suna da shago?"

Abin da ya cece ni a ranar shi ne ɗabi'ar Baba. Ba ya sayen abin da bai gani da idonsa ba. Ko ragon layya ne sai ya buɗe masa baki, ya zagaya bayansa, ya tambayi mai shi sunan ƙauyensu. Saboda haka ya yanke cewa za mu je mu duba jami'o'in biyu, kaya da kaya, sannan a yi magana. Umma ta ce ita dai a yi duk abin da za a yi, amma kada a dawo mata da yaro ya rame.

Da ta nesa muka fara. Mun tashi bayan asuba, muka isa rana ta take. Ofishin ɗaukar ɗalibai wata 'yar taga ce mai ƙarafa, gabanta layi ya miƙe har ya sha kwana ya zagaya bishiyar darbejiya. Baba, wanda a Dutse Alhaji ko a masallaci ana matsa masa, ya shiga layi da babbar rigarsa tsakanin wata yarinya mai kuka da wani tsoho mai fayil. Awa biyu da rabi muka yi. Da muka isa tagar, wani mutum ne a ciki yana ɓarar gyaɗa a kan jarida.

Baba ya yi sallama, ya ce yana so ya ga shugaba, a nuna masa wurin, a yi masa bayani.

"Ku dawo Litinin," in ji mutumin, bai ɗago ba.

"Malam, daga Abuja fa muke."

"To ku dawo Litinin daga Abuja."

Ya hure ɓawon gyaɗar, ya ce, "Na gaba."

Mu muka zagaya da kanmu. Ɗakin kwanan ɗalibai an yi shi don mutum huɗu, na ƙirga katifa tara, har da wadda aka jingine a bango tana jiran dare. Famfon tsakar gida ya bushe har ƙadangare ya mayar da shi gidan gado. A zauren lakca, waɗanda suka samu kujera ba su kai waɗanda ke zaune a kan taga yawa ba, malamin kuwa yana can ƙasa kamar ƙwayar gero, yana magana da allo.

Ni kuwa na dage da yabo. "Baba, ka ji iska? Wannan ai lafiya ce."

"Gilashin tagar ne babu."

"Kuma ɗaliban suna da haɗin kai, dubi yadda suke zama kusa da juna."

Ya dube ni irin kallon da yake yi wa dillali in ya fiye zaƙin baki. Abu ɗaya kawai ya yi kafin mu fita. Ya durƙusa a barandar zauren, ya ciro makullin shago ya ƙwanƙwasa daɓen, ya kasa kunne. Ya ce wannan daɓen ya girme ni nesa ba kusa ba, amma ko tsagewa bai yi ba. Daga nan har muka dawo Abuja bai ƙara cewa komai a kan wurin ba, sai tsaki da yake yi lokaci-lokaci, na san mai gyaɗa yake tunawa. Na sallama cewa tawa ta ƙare.

Maƙwabcin shagonmu mai sayar da fenti ne, mutumin Filato, shekara goma suna tsokanar juna da Baba ba wanda ya gaji. Da ya ji za mu je ta kuɗin, ya leƙo.

"Oga Alhaji, wannan makaranta yana da kyau, amma ka riƙe hularka da kyau in za su faɗa maka kuɗi."

"Za a daidaita."

"Daidaita me? Ba a tayi a jami'a fa."

"Duk abin da aka buga wa talla ana tayinsa," in ji Baba, ya gyara zaman hula.

Ranar Talata muka je. Tun daga ƙofa maigadi ya ƙame mana kamar mun ci zaɓe. Furanni a jere, ciyawa an yi mata aski, ga wani ruwa yana tsalle daga bakin kifin siminti, alhali a unguwarmu garuwa muke saye. Wata mata mai kwat da ƙamshi ta tarbe mu, ta kai mu ofis mai sanyin da sai da haƙorana suka gaisa, aka kawo lemo da biskit. Ta kira Baba "ranka ya daɗe" sau huɗu kafin ya zauna. Ni kuma ta ce da gani na yi kama da shugaban kamfani na gobe. Na dubi silifas ɗina.

Tana cikin bayanin yadda ɗalibansu za su yi gogayya da na Landan, sai ta nemi Baba ta rasa. Yana ƙasa a durƙushe, yana ƙwanƙwasa tayil ɗin ofishinta da makulli.

"Wa ya yi muku wannan aikin?"

"Ranka ya daɗe?"

"Ji nan. Kin ji yana amsawa? Babu siminti a ƙarƙashi. Kuma na uku ne, irin wanda muke sayar wa masu gidan haya."

Ta yi dariya irin ta ma'aikatan banki, wadda ba ta wuce haƙori. Baba ya miƙe ya ce to a kai shi sito. Da ƙyar na fahimtar da ita laburare yake nufi, da kuma malamai. Laburaren ya fi masallacin unguwarmu girma, littattafan kuwa rabinsu ba a cire musu leda ba. Farfesan kasuwancin ƙasa da ƙasa ba ya nan, wai ranar Alhamis yake zuwa daga wata jami'ar, in hanya ta yi kyau. Duk wannan bai dami Baba ba. Yana tafe yana lissafin minti arba'in, na ga leɓensa yana motsi.

Muka koma ofis. Ta rubuta kuɗin a 'yar takarda ta turo masa a hankali. Baba ya duba, ya nisanta takardar, ya kusanto da ita.

"Na shekara huɗun ne?"

"Na zango ɗaya ne, ranka ya daɗe."

Ya ajiye lemon da ya fara sha, ya ture shi gefe, kada a ce ya ci wani abu. Sannan ya gyara zama irin wanda na sani, ƙafa ɗaya a kan ɗaya, carbi a hannun hagu.

"Madam, mu yi maganar gaskiya. Nawa ne na ƙarshe?"

"Alhaji, nan makaranta ce, ba kasuwar Wuse ba."

"Na sani. Kashi ɗaya cikin uku zan bayar."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, sai dai na tuna babu siminti a ƙarƙashin, da wuya ta riƙe ni.

"Ki duba," ya ci gaba. "Yaron nan ba zai kwana a nan ba. Ba zai ci abincinku ba. Esin nan mai sanyaya ɗaki ma ku kashe masa, bai saba ba. Ruwan kifin nan na waje, ba zai kalla ba. Kuma yana da ƙanne biyu suna tafe, kin ga ai ya zama sari."

Ta ce kuɗin makaranta hukuma ce ta yanke, ita ba ta da iko ko da na kwabo. Baba ya ce to Allah ya kawo kasuwa, ya miƙe, ya ce mini, "Tashi mu je."

Daga nan aka fara tafiyar. Duk ɗan kasuwa ya san ta: tafiyar da mai saye yake yi yana jiran a ce "dawo, kawo kuɗin." Na ga Baba ya yi ta a kasuwar Kubwa, na ga ya yi ta a wajen mai rago, amma ban taɓa ganin ya ba ta haƙƙinta kamar ranar ba. Daga ƙofar ofis zuwa mota bai fi taku hamsin ba, mun yi minti ashirin. Ya tsaya ya gyara takalmi. Ya tsaya ya karanta allon sanarwa, shi da ba ya karatun boko sai lamba. Ya tsaya ya yaba wa kifin siminti. Ya gaisa da maigadi, ya tambaye shi iyali, da mutanen garinsu, da yadda damina ta yi a can. Kunnensa duk yana baya. Ba wanda ya kira.

A mota ya daɗe bai tayar ba. Can ya ce, "Ko albarka ba ta ce ba. Ba ta iya ciniki ba." Ya murɗa makulli. "Za su kira. Lambata tana kan fom."

A nan na ga ƙofa ta buɗe mini. Takardarsu ta ce wanda bai biya ba zuwa Juma'ar mako na biyu ya rasa gurbinsa. In Baba ya ci gaba da jira, su kuma suka ci gaba da shiru, ranar za ta wuce, ni kuma sai tasha. Saboda haka na zama babban mai ba shi shawara.

"Baba, kada ka fara kira. In ka kira sun gane kana so."

"Ka fara hankali," ya ce.

"Ai raini ne ma. Kai da suka gani da mota."

Umma ta ce, "Alhaji, ka kira mutanen nan ka biya abin da za ka iya, ka bar wasa da karatun yaro." Ya ce ita ba ta san kasuwa ba. Na gyaɗa kai a bayansa cikin ladabi, ta harare ni, don ita ta san abin da ta haifa.

Wayar Baba ta koma zama a kan kanta, a kan wani tsumma mai tsabta, kamar jaririya. Duk kiran da ya shigo sai ya bari ta yi ƙara uku, ya gyara murya, ya ce "Na'am, wa ke magana?" da muryar mai kamfani. Sai ka ji mai ɗaura tayil ne daga Kubwa yana neman katan biyu. Kullum da safe mai fenti zai leƙo.

"Oga Alhaji, jami'a ya kira?"

"Suna shawara."

"Ko in ba su lambana, wataƙila naka ba sabis?"

Ni kuwa ban taɓa riƙe addu'a kamar ta kwanakin nan ba. Har caja na ɓoye a cikin buhun shinkafa, Baba ya aike ni da kaina in kai wayar wajen mai caji, in tsaya a kanta har ta cika.

Ranar Laraba ta mako na biyu, bayan azahar, saura kwana biyu in tsira, wayar ta yi ƙara. Na ga Baba ya miƙe tsaye, ya ɗaga wa mai fenti hannu ya zo. Matar ce. Wai hukumar jami'a ta zauna ta duba takarduna, ta ga ni haziƙi ne, an ba ni sikolashif, an yafe kashi ɗaya cikin huɗu. Ni, haziƙi. Lissafin da na ci da ƙyar, da addu'ar Umma da kuma kyawun rubutun wanda ya zauna a gabana.

"Zan yi shawara," in ji Baba, ya kashe.

Mai fenti ya riƙe baki. Ranar Alhamis ta sake kira: hazaƙata ta ƙaru cikin dare ɗaya, yanzu rabi aka yafe, kuma motar makaranta za ta riƙa ɗaukata kyauta. Baba ya ce har yanzu yana shawara. Ranar Juma'a, muna dawowa daga masallaci, muka tarar da farar bas mai tambarin jami'ar a ƙofar shago, ta tare wa mai fenti hanya. Wani saurayi mai taye ya fito da fom, da biro, da hular hana-salla mai sunan makarantar, wai kyauta ce ga sabon ɗalibi. Ya ce in Alhaji ya sa hannu yau, ko kashi ɗaya cikin ukun da ya faɗa za a duba.

"Ashe ana tayi," in ji mai fenti a hankali. "Oga Alhaji, na tuba. Ni da na biya wa 'yata kuɗin makaranta ba ko tari."

Baba ya zagaya layin shagunan nan kaf, wai yana neman canji, alhali so yake kowa ya ga bas ɗin. Ni kuwa na zauna a kan katan da hular a hannu. Na hango kaina shekara huɗu ina sauka daga farar bas ƙarfe uku, in cire hular, in ɗaga katan. Har na fara tunanin wane ɗan'uwa muke da shi a Agadas.

Da ya dawo, ya ba saurayin ruwan leda mai sanyi, ya tambaye shi iyali, ya ce ya tafi za su ji daga gare shi. Bas ta juya ta tafi. Baba ya zauna ya daɗe yana jan carbi, fuskar nan ba irin ta wanda ya ci ciniki ba.

"Shekara ashirin ina sayar da tayil," ya ce wa mai fenti. "Ka taɓa ganin na ɗauki na ɗaya na bi mutum da shi har gida?"

"Ban taɓa ba."

"Wanne nake bin mutane da shi?"

"Wanda ya sha rana a waje. Da mai karyayyen baki."

"To. Daga cikakken kuɗi zuwa kashi ɗaya cikin uku a kwana uku, har da mota, har da hula. Ni na taya ne in ji ƙarfinsu, ashe ba su da shi." Ya juyo gare ni. "Wancan mutumin na taga, mai gyaɗa. Ya ɗago ya dube ni?"

"Bai ɗago ba, Baba."

"Ya kira?"

"Bai kira ba."

"Yana da masu saye. Can za ka."

Wani abu ya taso mini daga ciki, da na bar shi ya fito da sai an ji shi a Bwari. Amma shekara shida a shago ba a banza ba, na san in Baba ya ga murna a fuskata zai ce ni ma akwai abin da nake ɓoyewa, a sake sabon bincike. Na sunkuyar da kai, na karya murya.

"Baba, da nisa fa. Wa zai taya ka a nan?"

"Ba ruwanka. Namiji ne kai."

Da muka koma gida, Umma ce ba ta ɗauka da sauƙi ba. Ta ajiye ludayi ta dube shi.

"Wato waɗanda suka ba ka lemo su ne marasa kirki, wanda ya shanya ka a rana shi ne ya burge ka."

"Ba ki san kasuwa ba."

"Na dai san wanda aka kora daga taga."

Duk da haka ita ta soya mini yaji da dambun nama, ta cika mini jaka da garin kwaki har zif ya ƙi rufuwa. Hular kuwa mai fenti ya karɓe, da ita yake haɗa kala har yau.

Na tafi. A ɗakinmu ni ne na goma, katifata ita ce mai jingina da bango. Ruwa sai ka bi layi da bokiti tun da sassafe, lakca kuwa a kan taga nake ɗaukarta, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, rabin abin da malam yake faɗa iska ce take cinyewa. Ban taɓa jin daɗin duniya kamar haka ba. La'asar ta yi, in kwanta a ƙarƙashin darbejiya in miƙe ƙafa, ba mai kiran sunana. Na rame, na yi baƙi, na koyi zana layi biyu masu giciye da juna in kira su buƙata da samarwa, har na fara yi wa mai shayi bayanin dalilin tsadar madara.

Mako bakwai na yi. A na takwas malamai suka tafi yajin aiki, aka liƙa takarda a ƙofar hostal cewa kowa ya kwashe kayansa kafin ƙarfe shida.

Da na sauka a Dutse Alhaji da jakata, Baba yana ƙofar shago, ko mamaki bai yi ba. Mai fenti ne ya gaya mini daga baya cewa tun ranar da aka faɗa a rediyo ya sallami ɗan dakon da ya ɗauka a madadina. Na tambayi Baba ko ya san ana irin wannan a jami'ar gwamnati kafin ya tura ni. Ya ce shi ɗan kasuwa ne, ba ya sayen abu bai yi tambaya ba.

Yau mako na goma sha ɗaya ke nan da fara yajin aikin. Kullum rediyo na cewa ana tattaunawa. A kan kanta nake wannan rubutun, a bayan littafin lakcata da ya rage fiye da rabi fari, kuma dole in tsaya, don wata mota ta tsaya a waje, Baba ya riga ya leƙo.

"Ina ɗan Ikonomis? Katan goma sha biyu, mai ruwan madara. Ka bi a hankali da bakin."